Kafaɗar Lauya Parwez

A kan kujerar roba muka sauko da Naushad daga bene, ni da mai keken da zai kai mu kotu.

"Kawu Jamil, a hankali mana," in ji shi. "Alƙali ka ɗauko, ba buhun albasa ba."

"Alƙalin da ko wanka sai an yi masa," na ce. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a Layin Marina. A gabana aka haife shi, a gabana ya gama karatun lauya, ya zauna jarrabawar ɗaukar alƙalai a damarsa ta ƙarshe, don daga ita shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Da sakamako ya fito babu sunansa. Kuma ba faɗuwa ya yi ba, takardarsa ce ko dubawa ba a yi ba. A saman shafin farko ya rubuta 786, lambar da dukanmu muke sawa a madadin Bismillah tun muna yara. Uwarsa Shabnam ko kayan cefane ba ta rubutawa sai ta fara da ita. Hukumar jarrabawa ta ce alama ce ya yi don mai dubawa ya gane shi, aka soke takardar.

Ya kai ƙara a duba masa. Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ya san ba zai hau kujerar alƙali ba. Abu ɗaya ya rage masa: a buɗe takardar nan, ya ji makinsa kafin ya mutu.

Lauyan hukumar kuwa Parwez Faruki ne, wanda gidansa yake bakin layinmu. Sahu ɗaya muke sallah da shi, kuma lambar nan tana manne a gilashin motarsa. Bai taɓa tsayawa ya ce Naushad ya yi maguɗi ba. Shi dai a ɗage, a ɗage, har yaron ya ƙare ya zama ƙashi da fata.

Ran nan alƙali ya gaji, ya ce a kawo takardar gabansa. Parwez ya miƙe yana gyara baƙar rigarsa.

"Ya mai shari'a, jami'in da ke riƙe da makullin ma'ajiya yana hutu. Muna roƙon a ɗage zuwa bayan damina."

Aka ɗage. A baranda na cafke masa hannun riga.

"Parwez, dube shi da kyau. Ka ga wanda zai kai bayan damina?"

"Kawu, aikina nake yi," ya ce, bakinsa jajir da ganyen pan da yake taunawa kamar goro. "Allah ya ba shi lafiya."

Wallahi da ina da sauran ƙarfi, da a nan zan zubar masa da haƙora.

Daga ranar Naushad bai sake saukowa ba. Ƙafafunsa suka kumbura, shayi ma sai da cokali. Ta katanga nake jin sa yana karanto amsoshinsa da ka, yana ba kansa maki. Wata rana da na shiga duba shi, na tarar Shabnam tana zaune gefensa tana fifita, tana kuka.

"Ni na koya maka lambar nan. Ni na cuce ka."

"Ammi, ki bari. Ko yau aka ba ni takardar, da ita zan fara." Sai ya juyo gare ni. "Kawu, alfarma ɗaya. Kada ka bar mutumin nan ya samu lada da gawata."

Da hantsi ya cika, washegarin ruwan farko. Ƙarar ta bi shi, don ba a yi wa mamaci shari'ar neman aiki. Takardar tana can a kulle, ba wanda zai taɓa sanin abin da ya ci.

A layinmu, in aka ɗauko makara, kowane namiji sai ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne, ana karɓeɓeniya har maƙabarta. Ba a hana kowa, ko maƙiyi. Muna isowa bakin layi sai ga Parwez cikin fararen kaya, da ledar furen wardi a hannu. Ya matso, ya karkato kafaɗa. Na sha gabansa.

"An ɗage, Lauya. Ka dawo bayan damina."

"Jamil, ka ji tsoron Allah," in ji liman a hankali.

"Wasiyya ce, Liman."

Parwez ya zagaya ɗaya gefen, mai wankin layinmu ya matse gurbin. Ya koma baya, 'ya'yan mai burodi suka haɗe kafaɗu. Ban haɗa baki da kowa ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin raina.

Da za mu sha kwanar masallaci na waiwaya. Yana nan tsaye shi kaɗai a cikin taɓo, hannunsa a sake, wata akuya ta zura kai cikin ledar tana cin furen.