Gwangwanin Man Aska

"Ba waccan ba, Buzu. Wadda ke bayan ƙofa."

Rhissa ya mayar da tsumman da ya ɗauko, ya leƙa bayan ƙofa. Fatu uku ne rataye a ƙusa guda, dogaye, duk na wasa aska. Ya kwaso su ya zube a gaban Zayyadu wanzami, wanda ke jingine da bango bisa tabarma, numfashinsa na fita da ƙara.

"Wagga ta raƙumi ce, ta gemun lebura," in ji Zayyadu da harshensa na mutanen Tawa, yana shafa ta fari. "Wagga ta sa. Ita ko wagga ta ɗan maraƙi ce, ba tabo ko guda. Da ita za a wasa askar jikanka. Kan jariri ba kan ƙato ba ne."

Gobe sunan ɗan Dassin, 'yar Rhissa ta fari. Shekara talatin ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu a Arlit, garin haƙar yuraniyom, kuma duk 'ya'yan Rhissa bakwai Zayyadu ne ya yi musu askin suna, har Dassin ɗin. Tun ran da aka haihu Zayyadu ya aiko matarsa Hawa ta ce kada a kira wani wanzami, yana nan da ransa. Da ransa kam, amma wata huɗu rabonsa da zama wurin askinsa, gindin itacen bedi bakin kasuwa. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya duba, ya ce a kai shi gida a ba shi abin da yake so. Bai ce ga abin da ya jawo ba. A garin nan wa ke tambayar dalilin tari?

"Miƙo mini gwangwanin cikin zabira."

Rhissa ya dubi zabirar. Wannan gwangwanin yake tsoro tun ran haihuwar.

Shi ya kawo abin da ke ciki. Lokacin yana tuƙa babbar motar kamfanin ma'adinai, ya sayi wani tsohon bututu a wurin masu tarkacen ƙarfe don ya yi indararo. Da ya kankare cikinsa sai ga wani gari toka-toka, laushi kamar kwalli. Zayyadu ya murza shi a yatsa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ya tankaɗe shi a ɗaki da ƙofa rufe don kada iska ta kwashe, ya kwaɓa da kitsen rago, ya zama man askarsa. Ya lashi yatsa, ya dangwala, ya shafa a fata, ya sake lasa, haka kullum safiya. Askarsa ta yi suna har daga garin Akokan ake zuwa. In man ya yi ƙasa, Rhissa ya sake kankaro masa, yana alfahari.

Sai shekara uku da suka wuce wasu mutane suka bi unguwa da na'ura mai kuka, suna ɗora ta kan tukwane da ƙyamaren ƙarfe. Da suka iso indararon Rhissa ta fasa ihu ba tsayawa. Suka ce gubar yuraniyom ce a cikinsa, mai cin jikin mutum a hankali. Suka sa safar hannu, suka cire shi, suka tafi da shi. Rhissa ya leƙa ta katanga, ya hango maƙwabcinsa yana wasa aska yana 'yar waƙa. Ya ce gobe zai faɗa masa. Goben nan ita ce har yau. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba.

"Ka kurumce? Gwangwani na ce."

Rhissa ya ɗauko, amma bai miƙa ba. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Sarkin aska, wannan ba za ya taɓa kan yaron ba."

"Mi ka ce?"

Ya faɗa masa duka, tun daga bututun har kukan na'urar. Hausar tasa da ma ta koyo ce, ran nan sai ta ƙara karyewa.  Da ya gama, dakan mata na tashi daga gidan suna.

"Yaushe sunka zo da na'urar?"

"Shekara uku."

"Ukku." Zayyadu ya dubi yatsansa na dama, wanda bakinsa ya yi baƙi ya taurare. "Ni dai nawa ya ƙare, ko shi ne ko ba shi ba, Allah ya sani. Amma ka san kan jarirai nawa na aske cikin shekara ukkun nan? Uwayensu na miƙo mini su suna yi mini addu'a. Kana ji ta katanga. Sai da abin ya zo kan naka jikan bakinka ya buɗe."

Rhissa ya dubi gwangwanin da ke hannunsa.

"Aje shi nan. Tashi ka ba ni wuri."

Ya juya fuska bango, tari ya sarƙe shi, Hawa ta shigo da sauri da tasa. Rhissa ya fita ta gefenta, ko kallonta bai iya yi ba.

Washegari bayan sallar asuba, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Hawa ta zo ta tsaya daga nesa. "Baban Dassin, yana kiran ka."

Ya tarar da Zayyadu ya ƙara zubewa, idanu sun faɗa. Askar na cikin kwano da ruwan sabulu, Hawa ta wanke ta sau uku. Fatun nan uku kuwa an ture su gefe.

"Duk sun sha man, ba mai tsarki cikinsu," in ji Zayyadu, muryar da ƙyar take fita. "Ɗamarar nan taka, hwatar mi ce?"

"Ta sa. Daga Agadas."

"Kwance ta."

Rhissa ya kwance, ya riƙe wando da gwiwar hannu. Zayyadu ya juya ɗamarar, ya shafa cikinta da tafin hannu, ya shinshina.

"Ta yi. Ɗaura bakin ga ƙafar gado, ka ja ɗayan."

Ya ja. Zayyadu ya goge askar, ya kwantar da ita, ya fara kai da komowa, bayan aska na gaba, kaifin na biye. Hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi sai ga shi ya natsu. Ba mai, ba yawu, fata ce tsura. Yana yin biyar sai ya huta.

Hawaye suka cika idon Rhissa. "Zayyadu, ka yafe mini."

"Ja da kyau, kana sake ta."

"Don Allah, maƙwabci."

"In ta yi lanƙwasa kaifin mutuwa yake. Ja."

Ya ja da ƙarfi. Zayyadu ya gwada askar a gashin damtsen Rhissa, gashin ya zubo ba ko ƙaiƙayi. Ya naɗe ta ya miƙa masa.

"Kai ta ga Alkassoum wanzami, shi ya yi askin. Ka ce ya bi a hankali wurin maɗiga. Kada ya wasa ta bisa tashi hwatar, ta isa haka."

"Ba za ka zo ba? Mu ɗauke ka bisa kujera."

"Tahi, mutane na jiran ka."

Aka raɗa wa yaro suna Fatahu, aka yanka rago. Alkassoum wanzami ya karɓi askar, ya duba kaifin, ya jinjina kai ya ce a yi masa shiru. Yana cikin askin, ya kai rabin kai, salati ya taso daga bayan katanga. Muryar Hawa ce. Maza suka dubi juna, suka fara neman takalma. Alkassoum bai ɗaga kai ba sai da ya ƙarasa, ya miƙa yaron, kan fes, ba ƙwarzane ko ɗaya.

Kafin azahar an kai Zayyadu. Mutanen da suka zo suna su ne suka ɗauki makara, Rhissa na cikinsu da igiya ɗaure a ƙugu. Har aka rufe kabarin yana ta juya maganar safiyar nan, yana neman inda aka ce an yafe, bai samu ba.

Da la'asar Hawa ta aiko masa da ƙulli a tsohon zane. Ya kwance, ga ɗamararsa a sama, cikinta ya yi sheƙi inda aska ta bi. A ƙarƙashi fatun nan uku da gwangwanin, an ɗaure murfinsa da zare.

Ya ɗauki gwangwanin ya fito ƙofar gida. Ya dubi juji inda awaki ke kiwo, ya dubi hanyar lambuna, ya dubi filin da yara ke ƙwallo. Daga cikin gida jariri ya fara kuka, Dassin na lallashin sa. Rhissa ya zauna bisa dakali, gwangwanin a cinyarsa, hannu biyu a kan murfin.