Saba'in a Tsakiyar Tebur

…kuma saba'in ne a tsakiyar tebur, ko makaho ya ƙirga. Goman da ake zubawa dole kafin a raba karta ta mai gefena ce, ashirin ɗin dole tawa, sai arba'in da Malam Perumal ya tura tun ba a buɗe ko karta ɗaya a ƙasa ba. Rand ashirin kawai zan cika in bi shi. In na ci sau biyu cikin tara, na fita kunya. Wa ya koya min? Shi. A bayan takardar da aka naɗo mana burodi da miyar wake, a wannan kulob ɗin na Durban, ranar wata Asabar da rana irin ta yau.

"Mzwakhe, jaki mai turare, kuɗin tsakiya rabin lissafi ne. Ɗaya rabin, wa ya ƙara?"

Ni ne jakin! Ni da mata ke juyowa su kalli takalmina…

Sarki da tara ne a hannuna. A da, jefarwa nake yi in haƙura da zagayen. Malam ba ya ƙara kuɗi sai da manyan karta; sarkina da tara, sarkinsa da abin da ya fi tara, duk sarkin da ya faɗo tebur shi ya zo wa. Shekara talatin yana koyar da lissafi a sakandare, shekara ashirin yana tatsar aljihuna yana kurɓar shayi.

Me ban yi ba don in ga kartarsa? Faranti mai sheƙi na ajiye a gwiwar hannunsa. Na zubar da shayi da gangan. Na yi suman ƙarya, Allah na gani, har da kumfa — ya danne kartarsa da tafi sannan ya ce a kawo min ruwa.

Yau kuwa ya riƙe su baibai. Fuskarsu na kallona. Bakwai da biyu, mafi lalacewar hannu a wasan.

Wannan ai cin mutunci ne, Malam. Shekara ashirin ina wahala, sai ka miƙo min kyauta? Ina sana'ata? Wa zan ba labari?

Kamini, 'yarsa, a bakin ƙofa ɗazu, makullin mota a hannunta: "Kawu, ku bar shi ya yi wasan. Jiya bai gane ni ba, amma ya tambayi ko Asabar ta yi."

Sauran duk sun jefar, kowa ya sunkuyar da kai. Saura ni. In na bi, na cinye marar lafiya. In na jefar — shi da ya ce tausayi a tebur zagi ne? In da sauran hankalinsa, zai gane. In bai gane ba…

Bari in taɓa shi. Tarko ɗaya ya rage min.

"Malam, saba'in a tsakiya, ni ashirin. Kashi biyar kenan a kan ɗaya, ko?"

Uku da rabi ne. Yaron firamare ya sani. Yanzu zai cire tabarau. Zai buga cokali a kofi. Zai ce jaki — faɗi mana, Malam, ga ni, har turaren na fesa…

Yana murmushi. Irin wanda ake yi wa baƙo a layin asibiti.

"Daidai ne, ɗana. Ka iya lissafi."

Ɗana.

Ashe ba kuɗinsa nake zuwa nema ba duk Asabar ɗin nan. Mai raba karta na ƙwanƙwasa tebur, wai jira ake. Ashirin ɗin na tsakanin yatsuna, ba ta gaba, ba ta baya… sau biyu cikin tara, Malam, na sani, na sani. Amma wa zan ci?