Layin Marigayiya

Wayar ta kafe a kan cewa babu sim a cikinta, alhali Tela da hannunsa ya saka shi. Ya kashe ta ya kunna, ya girgiza ta, har ya ɗan bubbuga ta a gefen keken ɗinki kamar yadda yake yi wa rediyo idan ta fara shiririta. Ba ta canza magana ba. A saman gilashin, gefen da layinsa yake, sandunan sabis sun miƙe cif. Ɗaya gefen kuma, inda layin matarsa ya kamata ya fito, babu komai sai wata 'yar alama mai giciye.

Matar ta kwana biyu da rasuwa, amma layinta bai taɓa mutuwa ba. Yana cikin tsohuwar wayarta mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba, kuma kullum tana kan teburin shago kusa da gwangwanin allurai. Tela yakan yi mata caji kafin tasa. Idan aka tambaye shi dalili, sai ya ce saboda masu ta'aziyya ne da labari bai kai musu ba. Mutane suka karɓi wannan amsar, don ba mutum ne da ake yi wa tambaya biyu ba.

Gaskiyar maganar kuwa ɗansa ne. A shagon nan yaron ya tashi, ya iya taka keke tun ƙafarsa ba ta gama kaiwa ba. Wata rana ya yanka yadin wata mata ya gota da kamar faɗin yatsa, hannun riga ya ƙi haɗuwa. Shi kuwa Tela duk layin shagunan an san shi da abu ɗaya: ya kalli mutum sau ɗaya, ya kalli yadi, ya sa almakashi. Tef ɗin awo a wuyansa ado ne kawai. Ranar ya ɗauki yankan ya tsaya da shi a bakin ƙofa yana nuna wa maƙwabta, yana cewa hannun da ya yi wannan ɓarna ba daga jikinsa ya fito ba. Yaron ya mayar da magana, magana ta ja magana, ƙarshe Tela ya ce masa ya fita, kuma kada ya kuskura ya sake jin muryarsa a wayarsa. A gida ma ya hana a ambaci sunansa.

Yaron ya fita bai dawo ba. Uwarsa kaɗai yake kira, yau da wannan lamba gobe da waccan, ita kuma ta shige ɗaki ta yi ƙasa da murya, Tela ya yi kamar bai ji ba. Da ta rasu, sai ya yi wa kansa lissafi: wayarsa ya hana, bai hana ta uwar ba. Ko ba jima ko ba daɗe yaron zai nemi uwarsa, shi kuma ya ɗauka. Har abin da zai faɗa ya tanada. Zai sanar da shi rasuwar, ya bar shi ya yi kukansa, sannan ya ce, "In ka ga dama ka zo." Ya sha maimaita wannan yana taka keke, har ya san inda zai ja numfashi.

Sai batirin tsohuwar wayar ya kumbura, ya tsinke robar. Auta, 'yarsa da ke aiki a shagon magani, ta sayo masa sabuwa ta shafawa mai ɗaukar layi biyu. Nasa sim ɗin ya shiga lafiya. Na marigayiya kuwa irin na da ne, babba, ya ƙi shiga.

"Baba, ka bari in taso aiki gobe, mu kai a yanke shi da injinsu," in ji ta.

Ya ce to. Amma kalmar yanka ta tsaya masa a rai. A ce za a yi yanka, a fita da shi daga shagonsa a kai wa wani? Washegari tana fita ya ɗauko ƙaramin almakashinsa, ya kalli ramin sau ɗaya, ya kalli sim ɗin, ya datse gefe huɗu. Ya zauna daram a mazauninsa. Wayar ce dai ta ce ba ta gan shi ba.

Shagon mai gyara yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai kwafin takardu da mai sayar da caja. Akwatin gilashi ne cike da matattun wayoyi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ƙaurin dalma. Kowa Injiniya yake ce masa, shi ma bai taɓa musantawa ba. Ya janyo wa Tela kujera da ƙafa.

"Baba, ta faɗi ne?"

"Ba ta faɗi ba."

"Ruwa fa?"

"Sabuwa ce fil. Jiya aka fito da ita daga kwali."

"Sabuwa ma tana zuwa da halinta," in ji Injiniya. "Kamar amarya ce, sai an zauna."

Tela bai yi dariya ba, shi ma bai jira ba. Ya kashe wayar ya kunna, duk da an ce masa an riga an yi. Ya shiga cikin saitinta ya duba ko an kashe layin na biyu ne. Ba a kashe ba. Ya ɗauko wani ɗan tsinke ya soka a gefe, tiren da sim ke zama ya fito. Ya hura ramin, ya haska fitila ciki. Ya ɗiga sifirit a auduga ya goge fuskar sim ɗin, wajen nan mai ruwan zinare, ya mayar. Wayar ta yi ɗan tunani ta sake cewa babu.

Tela yana kallon hannunsa. Ya lura mutumin ba ya gaggawa, kuma ba ya taɓa abu biyu lokaci ɗaya. Abin ya ɗan ba shi haushi, don shi a sana'arsa mai irin wannan nawa sabon shiga ne.

"Yanzu za mu san mai laifi," in ji Injiniya. "Ko wayar, ko sim ɗin."

Ya cire nasa daga tasa wayar ya saka a ramin da ake zargi. Kafin ya ajiye tsinken, sanduna sun miƙe. Ya ɗauki na marigayiya ya saka a tasa. Shiru. Ya gwada a wata tsohuwar waya da ya zaro daga aljihun tebur, ita ma ta ce ba ta san zancen ba.

"Wayarka lafiyarta ƙalau, Baba."

Ya kama sim ɗin da hantsaki ya kai ƙarƙashin gilashin nan mai ƙara girma. Ya jujjuya shi, ya ɗan yi fito.

"Wa ya yanka wannan?"

"Me ya sami yankan?"

"Yankan dai ya miƙe sambal, ban taɓa ganin na hannu mai kyansa ba. Mai shi yana da hannu. Awo ne bai yi ba. Duba nan."

Tela ya sunkuya. A cikin gilashin sim ɗin ya zama kamar tafin hannu. Gefe uku akwai ɗan farin baki da ya rage. Gefe na huɗu almakashi ya shiga cikin zinaren ya ɗebe masa kusurwa.

"Da nawa ya gota?"

"Bai fi kaurin zare biyu ba."

"To a haɗa mana."

"Haba Baba, ai abin da aka yanke ya tafi."

Wannan kam ba sai an faɗa wa tela ba. Ya koma ya jingina da kujera. Ya ji kunya ta kama shi tun daga wuya, irin wadda rabonsa da ita tun yana ɗan koyo. Injiniya ya dubi tef ɗin da ke wuyansa, ya dubi zaren da ya maƙale masa a hannun riga, ya kau da kai ya shiga gyara kayan aikinsa da ba su hargitse ba.

"Abin ba wuya," ya ce. "A je ofishin kamfanin layin, su ba da sabon sim da lambar nan dai. Mai layin kawai za ta je da katin shaidarta ta dangwala yatsa."

"Mai layin ta rasu."

"Allahu akbar. Allah ya jiƙanta." Ya ajiye hantsakin. "To akwai hanyar takardu, amma tana jan lokaci, kuma ba zan yi maka alkawari ba."

"Yanzu in wani ya kira, me zai ji?"

Injiniya ya ce ya faɗo lambar. Tela ya karanto ta ba tare da tsayawa ba. Injiniya ya kira ta a wayarsa ya buɗe murya, wata mata ta ce lambar da ake nema a kashe take, a sake gwadawa an jima. Ta faɗa, ta maimaita. Tela ya saurara har ta gama. Tunanin da ya zo masa ɗaya ne: yaron zai kira ya ji haka, ya ce har layin uwar tasa an rufe masa, daga nan kuma ba zai sake gwadawa ba. Ya naɗe sim ɗin a ƙyalle ya sa a aljihun gaba.

Da yamma Auta ta biyo ta shago ta tarar da shi zaune gaban keke, ƙafa a kan mataki amma ba ya takawa. Wandon wani yana maƙale a ƙarƙashin allura, an ɗinke rabi.

"Baba, tashi mu je kafin su rufe."

"Na je." Ya warware ƙyallen ya tura mata. "Na ɓata layin uwarku."

Ta ɗaga sim ɗin, ta ga yankan, ta ga ƙaramin almakashin a gefe. Dariya ta taso mata ta haɗiye, don tunda take ba ta taɓa jin ya ce "na ɓata" ba.

"Ba komai, Baba. Ai masu ta'aziyyar sun gama zuwa."

"In ya kira fa?"

"Wa?"

Ya kama zaren da ke rataye a allura yana murzawa. Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallonsa, tana kallon gurbin da tsohuwar wayar ta bari a teburin kusa da gwangwanin allurai. Sannan ta janyo benci ta zauna.

"Yayana kake nufi?"

Ya ci gaba da murza zaren.

"Baba, Yaya ba zai kira layin Umma ba. Ya sani. Ni na faɗa masa, tun ranar."

"Kuna waya?"

"Kusan kowane mako."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Kai ka ce kada a ambace shi a gidan."

Da ya so ya yi faɗa, amma ya rasa ta inda zai kama, don yarinyar maganarsa ta bi. A waje wani maƙwabci yana jan ƙofar shagonsa.

"Shi kuma me ya hana shi nemana?"

"Kai ka ce kada ka ji muryarsa a wayarka. Lambarka tana kansa, ya haddace ta. Duk kiran da zai yi sai ya tambaya ko kana shan maganinka, ko idon naka ya daina ruwa."

Wato duk cajin da ya yi ta yi, duk zaburar da yake yi idan tsohuwar wayar ta yi ƙara ashe saƙon talla ne, ba wanda yake jira a ɗaya gefen. Yaron yana can yana bin umarni, shi yana nan yana gadin layin da ba mai kira. Baƙin ciki ya ji, har da ɗan haushin yadda 'ya'yansa suka cika jin magana.

"Me yake yi yanzu?"

"Ɗinki."

Tela ya ɗago.

"Ya buɗe shagonsa. Ya ce komai sai ya auna sau biyu kafin ya sa almakashi, har masu kawo ɗinki suna yi masa tsiya wai ya cika tsoro."

Ta ɗauki sabuwar wayar ta rubuta lamba, ta ajiye a gabansa a kan wandon, ta tashi ta koma can ciki tana ninke yadikan da tun safe a ninke suke. Hasken gilashin ya fara dushewa. Tela ya taɓa shi ya dawo. Ya sake dushewa, ya sake taɓawa.

"Da wane layi za ta fita?" ya tambaya.

"Naka mana, Baba. Shi kaɗai ne a ciki."

Ya goge tafinsa a gaban riga.

"Wanne ake dannawa?"

"Koren."

Ya danna ya kai kunne. Ta yi ƙara sau ɗaya, a na biyu aka ɗauka. Can ta ciki ya jiyo ƙarar keken ɗinki, sai ta tsaya cak. Bai yi sallama ba, ba a yi masa ba.

"Baba?"

Ya laluba jawabin nan da ya daɗe yana tanadi, ya ga babu ko kalma ɗaya da za ta yi amfani a cikinsa. Idonsa ya sauka a kan sim ɗin da ke cikin ƙyalle.

"Ni ne," ya ce. "Yau na yi yanka ban auna ba. Na ɓata."