Yanyawar Hamad da Butar Alhaji

Hamad ba shi da mota, ba shi da ofis, ba shi da takardar makaranta ko ta naɗe ƙosai. Abin da ya mallaka a duniya, bayan matarsa Awadiyya da 'yarsu Mahasin da ɗakin haya a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, yanyawa ce guda ɗaya. Ita ma ba a gida take ba. Tana can cikin Farar Hamada, gaba da garin Bahariya, tafiyar wuni daga Alƙahira, a gindin wani dutsen alli.

Bahaushen Sudan ne, haihuwar Gadarif. Neman abinci ya kawo shi Masar. Ya fara da dafa wa masu yawon buɗe ido shinkafa da kaza a hamada, ya tsinci Turanci a bakinsu ƙwaya-ƙwaya, har ya zama ɗan jagora. To, jagorori sun fi a ƙirga, kuma kowa ya san duwatsun nan. Abin da ya raba Hamad da sauran shi ne wannan yanyawa mai tsagaggen kunne. Sauran jagorori sai su kafa tanti su yi ta addu'a ko wata za ta gifta cikin duhu. Tasa kuwa da sauran haske take zuwa, ta zauna kusa da tabarma, a ɗauke ta hoto har a gaji. Ba kuma asiri ba ne. Shekaru ya yi yana ajiye mata ƙashin kaza da dabino da ruwa a gwangwani, kullum yana matso da gwangwanin kusa kaɗan, bai taɓa miƙa mata hannu ba.

Da aka yi juyin juya hali, Turawa suka ɗauke ƙafa. Amjad, Balaraben Bahariya mai motar da Hamad ke aiki da ita, wanda ke da ɗan ofis a Wustul Balad, tsakiyar Alƙahira, ya sallami jagorori biyu ya bar Hamad. Bai ɓoye dalili ba. Ya nuna hoton yanyawar da ke manne a bango, ya ce wannan ce ke aiki a wurinsa, Hamad mai rakiya ne kawai.

Ana cikin wannan zaman kashe wando ne, a shekara ta biyu bayan tarzomar, Awadiyya ta dawo daga unguwar Madinat Nasr da labari. Ita lalle take yi wa matan Najeriya a gidajensu. Ta ce ta yi wa wata Hajiya Inna, mijinta Alhaji Ukasha mutumin Nguru ne, an cire masa yanar ido, likita ya sallame shi, yanzu ya buɗe ido yana neman abin kallo. Wai namun daji yake so ya gani. Ta ce ita dai ta riga ta ce mijinta shi ne sarkin wannan aiki.

Hamad ya tambaye ta sana'ar Alhajin. Ta ce kaji yake kiwo.

Hamad ya san abin da yanyawa take a wurin Bahaushe mai kaji, tun yana yaro kakarsa ke tsine mata. Amma tukunya ta daɗe ba ta ga nama ba, ga kuma wata Baturiya 'yar Holan da ta zo takanas saboda hoton nan na bango, Amjad ya ce ba zai ƙona mai a kan mutum ɗaya ba sai an samu na cikawa. Da Alhaji ya kira shi a waya ya tambayi irin dabbobin da za a gani, sai Hamad ya ce hamada ba a yi mata alkawari, amma akwai abin da zai nuna musu da yamma wanda ba kowa ke gani ba. Bai faɗi sunanta ba. A ransa ya ce in mutum ya gan ta da idonsa, 'yar mitsitsiya da kunnuwa kamar maficai, zuciyarsa za ta yi sanyi.

An ce a tashi bayan asuba. Rana ta fito sosai kafin Alhaji ya sauko daga bene, da babbar riga da baƙin tabarau, Hajiya na biye da kuloli uku da buta. Cunkoson hanyar Giza ya cinye musu hantsi. Amjad na tuƙi yana cizon yatsa, Baturiya na duba agogo, Alhaji na waya da yaran gonarsa a kan dusa.

Da suka bar gari suka shiga fili, Alhaji ya manna fuska a gilashi. Can ya juyo.

"Malam Hamad, wai ina dajin?"

"Ai shi ke nan, Alhaji."

"Wannan filin Idi ne da ba shi da liman."

Haka aka wuni. Hamad ya nuna raƙuma, Alhaji ya ce a Nguru raƙumi ne ke kawo masa kanwa har ƙofar gida. Bayan Bahariya aka sauka daga kwalta, Hamad ya tsayar da mota ya nuna sawun barewa a rairayi, sabo fil, ya fara bayanin yadda suka yi ƙaranci. Alhaji ya ce shi ba a yanka masa ido don ya kalli sawu ba, ya je Yankari tun da yanar a idonsa kuma ya ga giwa. Baturiya ta kwanta rubda ciki tana ɗaukar buzuzu hoto. Hajiya Inna ta ja Hamad gefe ta tambaye shi a hankali ko baiwar Allahn nan lafiyarta ƙalau. Dutse ɗaya ne ya burge Alhaji, wani fari da iska ta sassaƙa ya fito kamar kaza. Ya zagaya shi, ya ce da mai ƙwai ce da ya taya.

Hamad ya haɗiye duka. Kansa na sara, amma yana ce wa kansa a bari yamma ta yi.

Da la'asar sakaliya suka isa gindin dutsensa. Amjad ya kafa rumfa a jikin mota, ya hura wuta. Hamad ya gasa kaza, ya ware ƙasusuwa, ya kai su inda ya saba, ya cika gwangwani da ruwa. Sannan ya tsaya a gabansu ya yi gargaɗi da Hausa, ya maimaita da Turanci: in baƙuwa ta zo, ba magana, ba motsi, ba tashi. Alhaji ya ce to, Allah ya sa zaki ne. Ya ɗauki buta ya koma gefen tabarma ya tsuguna zai yi alwalar magariba.

Rana ta yi ja, duwatsun suka koma kamar an shafa musu manja. Sai ga ta. Ta fito daga bayan dutse, ta tsaya, ta ɗaga tsagaggen kunnen nan. Ta tako a hankali, ta shaƙi iska, ta kalli Hamad kamar mai cewa kwana biyu. Baturiya ta ɗaga kyamara. Hajiya Inna ma ta dafe ƙirji tana murmushi. Yanyawa ta zo gwangwani ta sa baki.

Hamad bai ga tashin hannun ba. Ƙara kawai ya ji. Butar roba, da ruwa rabi a ciki, ta wuce ta gefen kunnensa ta sami yanyawa a ƙafar baya. Ta yi wani kuka siriri kamar na jariri, ta wuntsula, ta tashi a kan ƙafa uku, ta ɓace bayan dutse.

Alhaji ya miƙe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, fuskarsa cike da fara'a karo na farko tun safe.

"Hajiya, kin gani? Shekara nawa ina jifansu ina kuskure. Wallahi likitan nan ya iya aiki."

Baturiya ta ajiye kyamara ta fashe da kuka. Amjad ya juya ya ci gaba da jujjuya garwashi. Hamad ya tako har gaban Alhaji, ya manta da ranka ya daɗe.

"Me ta ci maka?"

"Me ta ci mini? Kai ka taɓa buɗe akurki da asuba ka tarar da gashi kawai?"

"Nan akwai akurki? Ka ga kaza a nan in ba ta dutse ba? Abincin 'yata ka jefa, Alhaji."

Alhaji ya kalle shi sama da ƙasa, fara'ar ta gushe. Ya ce shi bai san ana cin abinci da ɓarauniya ba. Ya ce ya tambaye shi a waya, baki da baki, wace dabba ce, ya ƙi faɗa. Da ya ce yanyawa ce, da bai bar ɗakinsa mai fanka ba, kowa ya huta. Mutum ya ɗauko mai kaji tun daga Alƙahira, ya zaunar da shi, ya kira masa yanyawa har gabansa, me yake so ya yi, ya gaishe ta?

Abin da ya fi ƙona wa Hamad rai shi ne Alhaji bai yi ƙarya ba. Gaskiya ce, ko da daga bakin wanda ba ka so ta fito.

Hajiya Inna ce ta je ta ɗauko butar, ta kakkaɓe rairayi. Ta zuba dambun nama a faranti ta kai wa Baturiya, ta zauna kusa da ita tana cewa ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri, don shi ne Larabcin da ta tsinta a asibiti. Aka yi sallah da sauran ruwan jarka.

Da gari ya waye Hamad ya bi sawun. Uku a fili, na huɗun jan layi ne a rairayi, har inda ƙasa ta yi tauri ya ɓace. A hanyar dawowa Alhaji ya yi barci abinsa har Giza.

Bayan makonni aka samu wasu Turawa biyu. Hamad ya ajiye ƙashi da dabino, ya cika gwangwani, aka zauna har haske ya ƙare. Shiru. Da safe ya tarar ba ƙashi, ga sawu a gefen gwangwani, ɗaya bai taka sosai ba. Tana raye ke nan. Amma ta koma cin duhu, sai mutane sun kwanta. Dabbar da ba a gani kuwa, a wannan sana'a, daidai take da wadda babu. Amjad ya ce zai ƙara haƙuri kaɗan, amma haƙuri ba ya tayar da mota.

Sai ga Awadiyya kuma da labari daga Madinat Nasr. Ashe Alhaji kafin ya koma gida ya cika majalisar 'yan Najeriya masu jinya da zancen tafiyar. Ya ce hamadar banza ce, amma akwai wani ɗan Sudan mai kiran yanyawa ta zo har gabanka ta tsaya. Yanzu mutum huɗu na nema, duk abokansa, sun ce wurin nan dai za a kai su. Ɗaya har ya sa an ɗaura masa danƙo da robar asibiti.

"Abu Mahasin, aiki ne fa," in ji ta. "Mai gidan haya ya sake zuwa neman kuɗinsa jiya."

Amjad ma ya ce yalla, baƙo baƙo ne, in ta fito ta fito, wataƙila ƙamshin kaza ya rinjaye ta.

Hamad ya karɓa. Aka kwashe su, aka sha cunkoson Giza, aka sha tambayar ina dajin. Bayan Bahariya, inda hanya ta rabu, dutsensa na hannun dama, sai ya ce wa Amjad ya yi hagu.

Amjad ya kalle shi. "Ya Hamad, babu komai a can."

"Na sani."

"Za su ce kai maƙaryaci ne."

"Su faɗa. Yi hagu."

Amjad ya ɗan tsaya, inji na kaɗawa, sannan ya murɗa sitiyari. Suka kafa rumfa a wani kwari da ko ƙadangare ba ya kwana. Hamad ya gasa kaza, ya ajiye ƙasusuwa a fili don idon mutane. Dattawa huɗu suka jeru a tabarma, kowa da tsakuwa a hannu, mai danƙo a tsakiya, suna raɗa kada a yi motsi. Rana ta faɗi. Ko ƙuda bai zo ba. Abin da suka faɗa masa a hanyar dawowa ba ya rubutuwa. Wanda ya fi sauƙi a ciki shi ne cewa Hausawan Sudan sun daɗe a hanya, gaskiyarsu ta zube a Chadi.

A Wustul Balad, bayan an sauke kaya, Amjad ya ce khalas, aiki ya ƙare. Ya ce ba ya jin haushinsa, amma jagoran da ba shi da dabba kuma yana korar baƙi, motarsa ba za ta iya ɗauka ba. In abubuwa sun gyaru zai neme shi.

Hamad bai roƙa ba. Ya buɗe jakarsa ya ciro gwangwanin, duk ya lotsa, ya ajiye a kan tebur ƙarƙashin hoton. Ya ce in Amjad ya bi ta wurin, ya zuba mata ruwa, ya ajiye shi nesa da tabarma, can bayan dutse, kada ya matso da shi.

Amjad ya ce insha Allah. Hamad ya daɗe a Masar, ya san irin wannan insha Allahun. Ya tsaya yana kallon gwangwanin, kamar zai ɗauke abinsa, sai ya tuna ba shi da motar da za ta kai shi. Ya bar shi a nan, ya sauko titi, ya shiga layin masu jiran ƙaramar bas ta Arba wa Nus, yana tunanin abin da zai faɗa wa Awadiyya.