A Koma Haka Nan

Shekara ta biyu ke nan da damina ta yi wa ƙasar Isa rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, shanu suka koma ƙashi da fata, masu ƙarfi suka naɗe tabarmi suka yi kudu. Kowa idonsa na sama yana neman hadari, ban da Malam Halliru, malamin tarihi a wata sakandare ta Isa. Shi nasa idon yana ƙasa, a kan tafkin da ke bayan ƙauyensu, can gefen Tozai. Kunya ce ta hana shi faɗa, amma kullum ya ga ruwan ya ƙara ja da baya, daɗi yake ji a ransa.

Tun yana yaro yake jin cewa akwai birni a ƙarƙashin tafkin, birnin da ya girmi tsohon birnin Alƙalawa nesa ba kusa ba. An ce rana tsaka rijiyar fada ta tumbatsa, ruwa ya haɗiye garin da mutanensa da awakinsa. Halliru ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin tsofaffi daga Tsamaye har Unguwar Lalle, yana saya musu goro, suna ba shi labari, rabi gaskiya rabi son goro. Abu ɗaya ya gagare shi, sunan garin. Duk wanda ya tambaya, Tsohon Gari yake ce masa. Abokan aikinsa har sun naɗa shi Sarkin Ƙarƙashin Ruwa, in ya shigo ofis su tambaye shi ya ya baro talakawa.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, mahaifiyarsa Hajjo. Ita ta san abin da tsofaffin goro ba su sani ba. Ranar da garin ya nutse, mace ɗaya ce ta tsira, domin ta fita raka baƙuwa. Ka dai san al'ada: mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya tsaya ya ce masa, "A koma haka nan." To baƙuwar nan uwar surutu ce, hira ta ɗauke ta, ta manta ba ta sallami matar ba, suka yi ta tafiya. Ko da matar ta waiwaya, babu gari sai ruwa. Daga tsatsonta Hajjo ta fito.

"Ba ta mutu cikinsu ba, ba ta kuma yi musu bankwana ba," in ji Hajjo. "Rakiya tat tahi, kuma wanda yat tahi rakiya jiran shi akai. Har yau mutanen nan suna jiran mutum guda daga gidanga. Halliru, kak ka kai musu kanka, kak ka jawo muna su."

Halliru yana son uwar nan tasa fiye da komai. Ita ta raine shi da kuɗin ƙuliƙuli bayan rasuwar mahaifinsa, kuma tun da matarsa ta kwashi yara ta tafi wajen danginta a kudu, daga shi sai ita a gidan. Amma maganar tata, a wajensa, wani gutsuren tarihi ce kawai da ya ƙara a kan sauran.

Wata safiya wani makiyayi, Usmanu, ya tare shi a hanya. "Malam, garinka ya hito," ya ce. "Shanuna na mutuwa da ƙishi, amma sun ƙi kusantar wurin."

Halliru ya ce wa Hajjo za shi kasuwar Isa, ya zaga ta bayan gari.

Rana ta take lokacin da ya sauka cikin tafkin. Laka ta bushe ta tsattsage, kana iya zura hannu a tsagar. Can tsakiya sai ga ganuwa, baƙa ƙirin, ta zaizaye amma tana tsaye. Ya shiga ta wata ƙofa. Ga lunguna, ga tukwane a kife, ga turmi da taɓarya jingine kamar mai dakan ta je ɗauko wani abu ne. Ramukan marina cike suke da baƙin ruwa wanda ko motsi ba ya yi. Abin da ya tayar masa da tsigar jiki shi ne rashin ƙuda. Ga matattun kifaye ko'ina, amma babu ƙuda ko ɗaya, babu tsuntsu.

Ya iso wani zaure da ƙofarsa ba ta rushe ba, ya tsaya a bakinta. Bakinsa ne ya yi sallama, ba shi ba, domin mutumin kirki ba ya tsayawa a ƙofar gidan mutane ya yi shiru.

"Salamu alaikum."

Aka amsa. Ba irin amsar da ya saba ji ba ce. Muryar tsoho ce ko tsohuwa, bai iya bambancewa ba, tana fitowa kamar daga cikin randa.

"Maraba. Kun daɗe wurin rakiyag ga."

Halliru ya ja da baya. "Ni baƙo na," ya ce da ƙyar. "Wucewa nika yi."

"To, baƙo. Bari mu taka maka."

Ya juya ya kama hanya. A bayansa ya ji tafiyar jiƙaƙƙun ƙafafu, caɓal, caɓal, da wani sanyi a ƙeyarsa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ya san maganin abin, kalmomi huɗu ne kacal. Da suka kai ganuwa ya buɗe baki zai faɗe su, sai muryar ta riga shi.

"Wagga ƙohwa da kab biyo, Ƙohwar Masaƙa muka ce mata."

Halliru ya rufe bakinsa.

Muryar ta ci gaba, a hankali, kamar mai hira da jika. Ta faɗa masa wanda ya gina rijiyar fada, da inda kakanninsu suka fito, da yadda ayarin gishiri ke sauka a bayan ganuwa, da sarauniyar da ta hana a yi shuni ranar kasuwa. Abin da ya yi shekaru yana roƙo da goro, ga shi ana zuba masa kyauta. Ya ce a ransa, bari mu kai bakin tafki. Da suka kai gawon da ke bakin tafkin, ya ce bari mu kai gonaki. Abin haushi, wallahi, mutum da iliminsa, ya san sarai abin da yake yi.

Usmanu ya hango shi daga nesa yana tafe shi kaɗai, kansa a karkace kamar mai saurare, sawun ƙafa jiƙaƙƙu suna fitowa a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar da ke shanye guga guda kafin ka ƙifta ido ta ƙi shanye su. Shanun suka watse, makiyayin ya bi su.

"Mi as sunan garin?" Halliru ya tambaya, ba tare da ya waiwaya ba.

"Shina gaba. Mu dai tahi."

Ya sake tambaya a bakin gari, aka ce yana gaba. Sai da ya ɗora ƙafa a dokin ƙofar gidansu, sannan sanyin ya matso daf da kunnensa, aka raɗa masa sunan. Ɗan gajeren suna ne, mai daɗin faɗi. Ya juya da sauri. Babu kowa, sai sawu biyu jiƙaƙƙu kusa da nasa.

"A koma haka nan," ya ce. "Na gode."

Muryar ta yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Ai mun iso. Yanzu mu ab baƙi."

A tsakar gida, randar da ta kwana ba ko ɗigo ta cika tana zuba. Gindin katanga ya yi baƙi da laima. Ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa, ta ƙarƙashin murhu, ta ƙarƙashin turken akuya, kuma ta kan katanga ya ji matan maƙwabta suna salati, nasu gidan ma ya soma. Hajjo ta fito daga ɗaki. Ta dubi sawun, ta dubi ɗanta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta koma ta ɗauko mayafinta.

"In ba a raka su ba, nan za su zamna," ta ce, "su da ruwansu."

"Inna, ni na kawo su. Ni za ni raka su."

"Kai baƙonsu kake, sun raka ka, sun gama da kai. Gidan nawa na." Ta gyara mayafin. "Akwai tuwo cikin ƙwarya, ka ɗumama. Ka ba akuya dusa."

"Ɗiyarmu ta taka muna," in ji muryar, daga zaure.

Hajjo ta fita ba takalmi. Tana ƙetare ƙofa ruwan tsakar gida ya fara janyewa, yana bin ta. Halliru ya bi su da gudu, amma duk inda suka taka ya zama taɓo, kafin ya wuce gonaki ya nutse har cinya. Yana ganinta tana tafiya a hankali, tana gyaɗa kai, ana ba ta labari.

"Inna, koma haka nan!" ya yi ta kira, har muryarsa ta dushe. Amma wannan magana ba tasa ba ce. Baƙo ne kaɗai ke faɗinta.

A gindin gawo Hajjo ta tsaya. Ta ɗan karkata kai, ta saurara, yadda mai rakiya ke yi in ya ga ya taka daidai gwargwado. Halliru ya zuba mata ido. Ta daɗe a tsaye tana jira. Sannan ta gyara mayafinta, ta gangara.

Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwan da ba a ga irinsa ba, tafki ya cika har ya taɓa gawo, mutane suka fita da iri suna godiya ga Allah. An nemi Hajjo an gaji.

Halliru bai taɓa faɗa wa kowa sunan garin ba, ko da masu bincike suka zo daga jami'a suna roƙonsa. Abokan aikinsa sun daina tsokanarsa. Abu ɗaya dai suke mamaki. In ya ziyarci mutum ya tashi tafiya, tun maigidan bai lalubo takalminsa ba, sai ya tare ƙofa da hannu, ya ce, "A koma haka nan. Don Allah, a koma haka nan."