Jitar Tsigi

Ranar da Kaka Mai Keke ta nemi allon da take yanka yadi a kai ta rasa, ba ta tsaya tambayar kowa ba. Su biyu ne manya a gidan, kuma ta san ba ita ta ɗauka ba. Ta ajiye almakashi ta bi ƙarar zarto har rumfar bayan gida, ta tarar da mijinta ya danne allon da gwiwa, ya riga ya ci rabinsa.

"Malam, wannan fa?"

"Katako ne," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

"Na san katako ne. Na wa?"

"Yanzu dai na Tsigi ne."

Tsigi jikarsu ce, 'yar ɗansu, shekararta huɗu. Kanta bai wuce teburin ɗinki ba, amma in ta buɗe murya har ƙarshen layi ana ji. Iyayenta kan kawo ta da safe in za su wurin aiki, su ɗauke ta da yamma. Ita ce ma ta raɗa wa tsofaffin suna don ta bambance su: wannan Kaka Mai Keke saboda keken ɗinki, wancan Kaka Mai Zarto saboda kafinta ne, ko da yake ya daɗe da barin shago.

Asalin maganar, Kaka Mai Zarto ne ya fita da yarinyar sayen ƙusa, suka bi ta gaban wani shagon kayan kiɗa. Mai shagon na gwada wata jar jita mai lantarki, ya ja tsirkiya ɗaya ta yi kuka mai tsawo, Tsigi ta manna hanci a gilashi ta ƙi gaba ta ƙi baya. Da mutumin ya ga haka ya rataya mata don wasa, jitar ta rinjaye ta ta zauna daɓas a ƙasa, amma ba ta sake ta ba sai da aka ɓamɓare yatsunta. Tun daga nan komai na gidan ya zama jita. Tsintsiya jita ce, ludayi jita ne, har kyanwar maƙwabta an gwada, ita ce dai ba ta yarda ba.

"To shi ne za ka yi mata da allona?" in ji Kaka Mai Keke. "Duk katakon da ka tara a rumfar nan?"

"Waɗannan ɗanyu ne. Naki ya bushe, ya sha shekaru, ga shi ba nauyi." Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. "Ji yadda yake amsawa."

"Ni ma yanzu za ka ji yadda nake amsawa."

Ta yi faɗanta har ta gaji, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ana ba shi labari mai daɗi. Da ta ga allo ya riga ya tafi, sai ta jawo kujera ta zauna, ta ce tunda an yi mata ɓarna, gara ta ga an yi ta da kyau.

Tun a wurin awo aka fara jin jiki. Tsohon ya zo da tef ɗinsa na ƙarfe zai auna hannun Tsigi, ita kuma duk lokacin da tef ɗin ya koma gidansa ya yi ƙas, sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ce a sake. Har ya haɗa gumi bai samu awo ko ɗaya ba. Kaka Mai Keke ta zare nata tef ɗin daga wuya ta ce, "Tsigi, zo in auna ki, rigar 'yan gayu za a yi." Nan take yarinya ta miƙe ƙyam, ta buɗe hannuwa, ta ɗage haɓa. Kafaɗa zuwa wuyan hannu, faɗin ciki, tsawon yatsu, duk aka ɗauka.

"Rubuta, Malam," in ji ta. "Ko shi ma sai na rubuta maka?"

Aikin katako kam ba wanda zai raina masa. Ya fitar da jikin jitar da ɗan ƙugu kamar ta shagon, ya sassaƙa wuya siriri daidai tafin hannun yaro, ya goge da samfefa har Kaka Mai Keke ta shafa ta rasa inda za ta kushe. Ya ce tsirkiya uku ta isa. Tsigi ta ce ta shago da yawa ne. Ya ce to ƙirga waɗannan. Ta ƙirga, "Ɗaya, biyu, bakwai," ta gamsu. Wajen fenti ta ce ja take so irin na tumatir, aka shafa, ta je ta dangwala yatsa tun bai bushe ba. Tsohon zai sake shafawa, matarsa ta ce ya bari, mai abu ce ta sa hannu a kayanta.

Inda aka tsaya cak shi ne wajen lantarki. Suka kira Mai Rediyo, maƙwabcinsu mai gyaran rediyo da talabijin a kwanar layi, ya zo da wata waya ta jan ƙarfe naɗe a ɗan gwangwani, da mayen ƙarfe ƙanana.

"Baba, ita jitar lantarki kurma ce sai an yi mata kunne," ya ce. "Wannan wayar za ka naɗa a jikin mayen ƙarfen nan, zagaye dubbai. Ita ke jin motsin tsirkiya ta kai wa sifika. Amma fa in ta tsinke a tsakiya, an koma farko."

Kaka Mai Zarto ya ɗaga wayar yana nema da ido. Gashin kai ya fi ta kauri.

"Wannan ai wasa ne," ya ce.

Kwana da kwanaki yana wannan wasa. Yatsunsa da suka saba da guduma su kama wayar, ya yi zagaye kaɗan, sai tsit, ta tsinke. Ya warware ya sake. Wani lokaci atishawa ce za ta zo masa, wani lokaci Tsigi ce za ta dafa shi ta baya ta ce, "Kaka, an gama?" Ya sa tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya koma bakin ƙofa inda haske ya fi. Kaka Mai Keke tana daga kan kekenta tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ta san mutumin nan, in ka ce za ka taimake shi sai ya ƙara wata guda yana fama don kada a ce. Kuma, tsakani da Allah, tana jin daɗin kallon.

Sai wata rana da hantsi ta ga ya ajiye abin a cinya yana murza yatsunsa, waɗanda suka fara kumburi a gaɓoɓi. Wannan kam bai ba ta dariya ba. Ta tashi kamar za ta wuce kicin, ta tsaya a kansa.

"Wai wannan abin da kake ta naɗawa, da naɗa zare a kwarkwaro akwai bambanci?"

"Akwai mana. Wannan ilimin lantarki ne."

"To ba ni in ga ilimin."

Ta ɗauke kafin ya amsa. Ta liƙa mayen ƙarfen a jikin ƙafar keken da ke juyawa, ta ɗaure da tsumma, ta ajiye gwangwanin wayar a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta riƙe wayar da yatsu biyu sakwa-sakwa, yadda take riƙe zaren siliki, ta taka a hankali. Keke ya ɗauka, waya ta shiga hawa layi bisa layi, luf-luf, tana ƙyalli. Tsigi ta tsuguna tana bin ta da ido har kanta na juyawa.

"A hankali," in ji tsohon. "Za ki tsinka."

"Malam, matsa ka ba ni haske."

Kafin abincin rana ya nuna kunne ya cika ya yi ɓul-ɓul. Kaka Mai Zarto ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ai dama na riga na yi miki mai wuyar."

Ranar gwaji aka jira har iyayen Tsigi suka taso daga aiki. Mai Rediyo ya kawo ɗan akwatin sifika da ya haɗa daga cikin wata tsohuwar rediyo, mai aiki da batir don kada yarinya ta kusanci wutar bango. Kaka Mai Keke ta ɗinka maratayi da ragowar yadi mai furanni. Aka rataya wa Tsigi, jita ta zauna mata daidai ciki kamar da ita aka haife ta.

Baban Tsigi ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. "Baba, ni fa ina yaro na roƙe ka jita, ka miƙo mini guduma."

"Lokacin ɗa gare ni, ba jika ba. Matsa."

Mai Rediyo ya soka waya, ya murɗa. Sifika ta yi zuuu, ta yi tari, sai ga muryar wani namiji tangararau ta fito: "...gobe kuma ana sa ran samun ruwan sama da iska mai ƙarfi, saboda haka masu shanya..."

Tsigi ta zaro ido. Ta dubi jitar, ta kifa ta, ta leƙa ɗan ramin da waya ta shiga.

"Akwai mutum a ciki," ta ce da raɗa. Sannan ta kai baki kusa. "Sannu, Kawu."

Maman Tsigi ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Baban ya fita tsakar gida don ya yi dariyarsa da kyau. Mai Rediyo yana ta sosa ƙeya yana bayani, wai kunnen ne ya yi kyau da yawa har yana kamo tashar rediyo, abu ne mai sauƙi, za a shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin a ɗaure waya ɗaya, shi ke nan.

"Kin ji ko?" in ji Kaka Mai Zarto. "Kunnenki ne mai jiye-jiye. Ke ya gado."

"Ya dai ce ya yi kyau da yawa. Faɗi yadda aka faɗa."

Tsigi ba ta ma san suna yi ba. Ta ja tsirkiya, jita ta yi ƙara, Kawu ya ci gaba da bayanin iska a ƙarƙashin ƙarar. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Da ƙyar aka hana ta cusa masa biskit ta ramin waya. Da za su tafi gida sai da ta lulluɓe jitar da zanen Kaka, ta ce kada sanyi ya kama shi.

Abin ya tsaya wa tsohon a rai. Shi da ya yi alkawarin jita, a ce ya ƙare da rediyo mai tsirkiya? Washegari tun kafin a kawo yarinyar ya ɗauki kayan ya nufi shagon Mai Rediyo. Matarsa ta bi shi har ƙofa.

"Malam, ka bar mata Kawunta."

"Aikin da na sa hannu ba zai fita da aibi ba."

"To. Ni dai na faɗa."

Da Tsigi ta iso ko takalmi ba ta cire ba ta yaye zanen. Aka kunna. Ta ja tsirkiya, sauti ya fito garau, mai daɗi, ba zuuu ba tari. Kaka Mai Zarto ya gyara tsayuwa yana jiran yabo. Yarinya ta kasa kunne. Ta sake ja. Ta girgiza jitar.

"Ina Kawu?"

"Ai an gyara," in ji tsohon. "Yanzu ta zama ta gaske, irin ta shago."

Leɓen Tsigi na ƙasa ya fara rawa. Kaka Mai Keke ta san abin da ke biyo bayan wannan rawar, ta san kuma har ƙarshen layi za a ji. Ta yi maza ta durƙusa gabanta.

"Kawu ya tafi aiki, kamar Babanki. Ya ce ya gaji da magana shi kaɗai. Ya ce yanzu ke za ki riƙa yin waƙa, shi yana saurare daga can."

Tsigi ta ja majina. "Wa ya ce ya tafi?"

Kaka Mai Keke ta ɗan juya ido gefe. Yarinyar ta bi idon har kan Kaka Mai Zarto. Ta dube shi tun daga hula har silifa. Sannan ta gyara maratayi, ta buɗe ƙafafu, ta daki tsirkiyoyin uku gaba ɗaya, ta ɗaga murya:

"Kaka Mai Zarto ya kori Kawu! Kaka Mai Zarto ba shi da gashi!"

Ta sake daga farko. Ta kuma sakewa. A zagaye na gaba ta ƙara cewa yana da ƙaton hanci. Matar maƙwabci ta leƙo ta taga, yaran da ke wucewa makaranta suka tsaya a bakin ƙofa, kafin wani lokaci suna amsa mata "ba shi da gashi" da tafi.

Kaka Mai Keke ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zane. Da ta ɗago ta ga mijinta ya sunkuya kusa da sifika, ya karkata kai, fuskarsa fal murna.

"Malam, zaginka fa ake yi."

"Yi shiru," ya ce, yana kaɗa ƙafa. "Ji tsirkiyar tsakiyar nan yadda take fita. Tsigi, sake wurin hancin, amma ki danna nan da yatsa."

Ta danna, sauti ya hau sama. Ta tsaya ta dubi yatsan nata da mamaki, ta matsar da shi gaba ta sake ja, ya ƙara hawa. Sai ta manta da waƙar, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana bin wuyan jitar da yatsa ɗaya daga sama har ƙasa. Tsohon ya lallaɓa ya zauna kusa da ita, gwiwoyinsa na ƙara, ya riƙe mata kan jitar don kada ya taɓa ƙasa.