Murhu a Cikin Ɗaki

Shekarar da kwalara ta shigo Kafanchan, matar Sambo tela ta fara ɗauka a gidan hayar su Magdalene. Da safe suka yi ɗumame a madafa ɗaya, kafin la'asar an fitar da gawa. Daga ranar Magdalene ta kwashe duwatsun murhunta ta kai cikin ɗaki, ta toshe 'yar tagar da tsumma. Surukarta ta aiko daga Kagoro cewa cutar iska take bi, a riƙa jefa ɗanyen ganye a wuta, hayaƙi na korarta. To, wa zai yi musu da tsohuwa? Rigakafi dai ya fi magani.

Damina ce, itacen duk a jiƙe. Mijinta Silvanus, leburan jirgin ƙasa, shi kam da sauƙi, wuni yake a waje. Sai ya dawo ya zauna yana share hawaye, yana cewa an mai da su kifin banda. 'Yarsu Caroline ce ba ta da wurin zuwa. Ko rarrafe ba ta fara ba, kullum tana goye ko tana kwance kusa da murhu, don uwar ta rantse ba za ta leƙa tsakar gida ba sai cutar ta wuce.

Caroline ta fara tari. Magdalene ta duba zanin goyo, ba gudawa, ba amai. Ta gode wa Yesu, ta ƙara ganye a wuta. Da numfashin yarinyar ya fara fita da ƙyar, Silvanus ya ce a tafi asibiti. Ta ƙi, ai can ne masu kwalara suke kwance jere a ƙasa. Ranar da ta yarda, malamin asibiti ya saurari ƙirjin, ya shinshina zanin, ya tambaye ta inda take girki. Ta faɗa masa. Ya yi wa yarinyar allura, ya sallame su. A hanyar komawa gida Caroline ta yi shiru a bayanta.

Magdalene ta nemi kuka ta rasa. Matan zumunta suka zo daga coci, suka yi cirko-cirko a ƙofar gida, kowacce ta rufe hanci da gefen zani. Ba wadda ta yarda ta taɓa gawar. Ta fito ta dube su da jajayen idanu.

"Ku shigo, Mama, ba kwalara ba ne," ta ce wa babbarsu. "Kwalara bai taɓa ta ba. Na tsare ta da kyau."